Filinka Ne, Alhaji, Ba Wanda Ya Musa

Na san abin da za ku ce tun kafin in buɗe baki, don haka bari in hutar da ku. Za ku ce ga wani ɗan boko ya zo koya mana gini, shi da ko kwanon kankare bai taɓa ɗauka ba. Wasu za su ce hukuma ce ta turo shi. Masu dama-dama a cikinku kuma su ce ɗan haya ne, haushin mai gida ke cin sa. Duk na ji, ku gyara zama. Da ku nake, ku da kuka sayi filoti a Tumfure kuna shirin jera ɗakunan haya shida, bango manne da bango, a wurin da aka yanka domin iyali guda, kuna kuma cigiyar wanda ya san wani a ofis ya nema muku alfarma. Abin da zai ba ku mamaki shi ne yau ina bayanku. Kada dai ku yi saurin tafi, goyon bayan nawa rabi ne.

Dalilin rabin farko a fili yake. Ranar 1 ga Oktoba 1996 aka cire Gombe daga jihar Bauchi, garin ya kwana hedikwatar ƙaramar hukuma ya tashi babban birnin jiha. Ma'aikata suka kwaso iyalansu suka dawo gida. Bayan wasu shekaru, da fitina ta tsananta a Borno da Yobe da arewacin Adamawa, 'yan uwa suka taho nan neman kwanciyar hankali. Cikin gari ya cika, jama'a suka haura tudu ta hanyar Bauchi, gonakin Tumfure suka koma filotai. A takarda har gobe Tumfure ƙasar Akko ce, hedikwatarta na can Kumo, amma wanda ke kwana a Leba Kwatas ta Tumfure ya tashi ya gangara aiki cikin gari ba ruwansa da wannan zance. Malamin makarantar da ya yi aure bana, da ma'aikaciyar jinya a Asibitin Koyarwa na Tarayya, da ɗan kasuwa mai shago ɗaya, babu mai iya kama gida mai ɗaki huɗu da katangarsa shi kaɗai. Ciki da falo suke nema, da ɗan kicin da banɗaki. Wanda ya gina musu irin wannan ya kyauta, ko da kuɗin haya ne ya kai shi ba neman lada ba. Na san ka, Alhaji, ba lada ba ce.

Kuma ƙorafinku yana da ƙafa. Ku kawo biro mu yi lissafi. Filotin da kowa ya sani, ƙafa 50 sau 100, ya kama kusan mita 15 a faɗi, 30 a tsawo, wato murabba'in mita 450. Ƙa'idar da aka saba gani a dokokin gini na jihohi da dama ita ce a bar mita 6 a gaba, 3 a baya, 3 a kowane gefe. Cire shida daga faɗi, saura 9. Cire tara daga tsawo, saura 21. Tara sau 21 ya ba ka 189. Ka biya kuɗin 450, an ce ka yi gini a kan abin da bai kai rabi ba. Ko wa aka faɗa wa haka sai ya cire hula ya sosa ƙeya. Sannan wannan mita ukun na gefe, me ake yi da shi? Ku zagaya ku leƙa. Lungu ne tsakanin bango da katanga inda ake jibge tsohuwar katifa da fasasshen bokiti, ƙadangaru na shan rana a kai. Wanda ya fara zana wannan ƙa'ida gidan unguwar Turawa yake hange, mai lambu da bishiyar mangwaro, bai hango ranar da iyali shida za su raba filoti ɗaya ba.

Idan maƙwabta biyu suka yarda suka haɗa bango ɗaya a kan iyakarsu, sun ceto mita 6 sau 21, murabba'in mita 126 ke nan, wanda ya isa ciki da falo biyu masu walawa. Sun huta da gina katanga, sun huta da lungun ƙadangaru. Wanda ya je ofis ya nemi a sassauta masa a kan wannan bai yi laifi ba, ni ma in na ga layin zan riƙe masa fayil.

To, yanzu ku ajiye tafin, mu shiga rabi na biyu.

Wancan mai babbar riga ya riga ya miƙe: "Filina ne, da kuɗina na saya, in na ga dama in gina har bakin kwalta." Ba wanda ya musa. Sai dai ka ɗauko takardar mallakar nan da ka ɓoye a ƙasan akwati, ka sa tabarau. Tun 1978 Dokar Amfani da Ƙasa ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna amana, abin da aka ba ka izinin zama ne, galibi na shekara 99, da sharuɗɗa a jikinsa. Kai ma ɗan haya ne, Alhaji, wa'adinka ne dai ya fi na masu biyan ka tsawo. In kuwa takardar taka ta dillali ce, mai sa hannun shaidu biyu da hatimin mai unguwa, gara mu rage murya kada mutanen GOGIS masu rajistar filaye su jiyo mu.

Ga Malam can yana girgiza kai, wai duk wannan tsarin Nasara ne, mu ba mu gaje shi ba. Allah gafarta Malam, ni da kai wa zai tuna wa wani? Ku kuka karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hukunci a bar wa hanya zira'i bakwai idan mutane suka saɓa a kan faɗinta. Ku kuka karantar da mu cewa maƙwabci ba ya hana maƙwabcinsa kafa itace a jikin bangonsa, kuma cuta da cutarwa duk haramun ne. A ƙarni na 14 an yi wani magini a Tunis, Ibn Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya dubo musu rigingimun gini, ya zauna ya rubuta littafi guda a kan hukunce-hukuncen gine-gine bisa mazhabar Malikiyya da muke bi. A ciki akwai batun tagar da ke leƙa tsakar gidan wani, da indararon da ke zuba a gidan maƙwabci, da hayaƙin da ke damun unguwa, da yadda ake tantance mai bango idan mutum biyu suka yi jayayya a kansa. Wato haɗa bango ma da kuke nema halal ne tun can, da dokokinsa. Turawan Landan sai da wuta ta tashi daga gidan burodi a watan Satumba 1666 ta cinye gidaje sama da 13,000 kafin suka yi hankali, suka kafa doka a 1667 cewa da jan bulo ko dutse za a sake gini, da bangon tsakani mai kauri. Daga baya suka ƙara da cewa bangon ya huda rufi ya fito sama. Ba su hana jera gidaje a manne ba, har yau gidaje da dama a Landan haka suke. Shekara ɗari uku maginin Tunis ya ba su rata, yau kuma mu ne ke cewa abin nasu ne.

Sai kuma 'yan cikin gari, masu cewa kakanninmu a Jekadafari da Bolari da Herwagana bango ɗaya suka haɗa da maƙwabta, ba takarda ba injiniya, kuma ga gidajen nan a tsaye. Gaskiya ne. Amma ku faɗi sauran. Bangon kakanku na ƙasa ne, kaurinsa ya isa mutum ya zauna a kai. Rufin soronsa azara ce da ƙasa. Tsakar gidansa a buɗe take har sama, hayaƙin murhu na tashi ya tafi abinsa. Kakanku bai ajiye tukunyar gas a ƙarƙashin taga ba, bai ajiye jarkar fetur ta janareta a bayan ƙofa ba, bai kuma ja wayar wuta mai araha ya shimfiɗa a kan busasshen katako a cikin silin ba. Kuna son hujjar kaka, amma da bulo inci shida da silin roba.

Kwanan baya na tsaya a wani sabon gidan haya a unguwar nan, sassa biyar a jere, fenti na sheƙi, kowace ƙofa da lambarta. Mai haɗa wuta yana kan tsani ya ɗaga murfin silin, ya ce in hau in leƙa. Na haska fitilar waya. Daga sashe na farko har na biyar zaure ɗaya ne dogo, babu abin da ya raba su. Bangon tsakani ya taho daga ƙasa da kyau, yana kaiwa silin ya tsaya cak. Sama da nan katako ne da wayoyi a warwatse, da zafin kwano mai dukan fuska. A ƙasa gida biyar ne da makulli biyar, a sama gida ɗaya ne. Idan wuta ta kama a kicin ɗin sashe na biyu, ta nan za ta bi, kafin mai sashe na biyar ya farka silin ɗinsa na ɗiga a kan gadon yara. Ɓarawon da ya shiga sashe ɗaya ma ya samu babbar hanya. Ban da kuma abin da kowa ya sani ba a faɗa, cewa amarya ta yi tari a ɗakinta maƙwabta huɗu su ce mata sannu.

Nawa ne maganin wannan? A ɗaga bangon tsakani da bulo inci tara har ya taɓa kwano, a toshe duk wata kafa. Bulo goma ke cika murabba'in mita ɗaya, don haka bulo ɗari zuwa ɗari da hamsin ya ishi kowane bango, gwargwadon tsinin rufin. Alhajin da ya kashe kuɗi ya sa ƙofar get mai zanen ɗawisu, shi ne zai ce bulo ɗari ya yi masa nauyi. Siminti kuwa ba daga Legas za a ɗauko shi ba, ga Ashaka nan a jiharmu. Abin da nake roƙo kawai, buhu ɗaya kada a tilasta masa haihuwar bulo sittin, irin wanda birkila ke ɗauka da bismilla don kada ya watse a hannunsa.

Ga inda cinikin yake. Duk abin da aka ɗaga maka ƙafa a kansa, akwai abin da za ka bayar a madadinsa. An yafe maka mita ukun gefe, ka biya da bangon da zai tare wuta. Kuma tunda ka manne gefe biyu, tagogin gefe sun tafi, saura gaba da baya. To nan ba a taɓawa. Kowane ɗakin kwana ya samu tagar da ke buɗewa ga sarari, ba ga korido ba, ba ga bangon maƙwabci mai nisan kamu ɗaya ba. Wanda ya taɓa kwana a Gombe cikin watan Afrilu wuta ta ɗauke ya san me nake nufi. A 1996 ɗin nan da muka samu jiha, sanƙarau ya kama mutum sama da dubu ɗari a ƙasar nan, akasari a Arewa, ya kashe fiye da dubu goma sha ɗaya, kuma likitoci sun daɗe suna faɗa cewa cunkoso a ɗaki marar iska lokacin zafi abokin wannan ciwo ne. Sannan a bar hanyar fita mai faɗin da mutum biyu za su wuce ɗauke da majinyaci, tagogin da aka lafta wa ƙarfe kuma a bar ɗaya mai buɗewa daga ciki.

Wurin ajiye mota, wannan ku nemi sassauci ku samu, ba zan yi muku gardama ba. Gidan da masu hayarsa babur da Keke Napep suke hawa, ba dalilin a ce sai an ware wa kowane sashe filin mota.  

Abin da ba a yin alfarma a kansa kuwa, na farko ruwa ne. Duk wanda ya shigo daga Bauchi ya san daga Tumfure gangarowa ake yi zuwa cikin gari. Gonar da a da take shanye ruwan sama yanzu kwano ne da siminti da intalok. Ruwan da ya sauka a kan rufinka ba ya ɓacewa, gangarawa yake ya nemi na ƙasa da kai. Mutanen Gombe ba sa bukatar a ba su labarin kwari, sun ga yadda yake cin gidaje, sun ga irin dukiyar da aka zuba wajen ɗaure kwarin Kwalejin Ilimi ta Fasaha da na Jami'ar Jiha, manya kuma ba su manta ambaliyar watan Agusta 2004 ba da rayukan da ta tafi da su. Wanda ya ɗora ɗaki a kan magudanar ruwa don ya ƙara haya ɗaya, gidan wani bawan Allah ya jinginar, wanda bai ma san shi ba. Haka ramin masai. Wanda aka haƙa don iyali ɗaya ba zai ɗauki iyali shida ba. Masana lafiya na ba da shawarar a bar mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya, filotin naka kuwa gaba ɗayansa mita 30 ne. Don haka kafin ka haƙa, ka leƙa katanga ka tambayi maƙwabci ina burtsatsensa take. Haka kuma ƙarƙashin babbar wayar wuta, a nan ko gwamna ya sa hannu wutar ba ta iya karatu ba.

Na biyu bene. An amince maka da gidan ƙasa, harsashi na gidan ƙasa, rodi na gidan ƙasa. Shekara ta zagayo haya ta yi daɗi, sai ka kira birkila ka ce a yaye kwano a zuba dakin. Ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani dogon gini ya rufto a titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas. Hukumomi sun ce hawa 15 aka amince, aka kai shi 21. Mutum fiye da arba'in suka mutu, har da mai ginin. Za ku ce ina ruwan Tumfure da hawa 21, mu ɗaya kawai za mu ƙara. Harsashi bai san Ikoyi ba, bai san Tumfure ba, nauyin da aka gina shi ya ɗauka kawai ya sani.

Saura ƙorafi ɗaya, kuma shi ne mai nauyi, don haka ba zan yi masa dariya sosai ba. Kuna cewa doka a kan talaka take ƙarewa, mai hali ya gina abin da ya so, jan fenti kuma sai a katangar mai ƙaramin ƙarfi. A ƙasar nan wanda ya ce bai taɓa ganin haka ba bai fita waje ba. Amma ku lura da abin da kuke nema. Kuna kukan ana yi wa manya alfarma ta bayan gida, maganin da kuka kawo kuma shi ne a yi muku irinta. Alfarmar bayan gida ba ta da takarda. Ranta na hannun wanda ya yi ta, ran da aka yi masa canjin wurin aiki ko ya yi ritaya ta mutu. Sabon da ya zo zai buɗe fayil ya ga zanen gida ɗaya, ya zo fili ya tarar da ƙofa shida da shago biyu, sai ya aika a kawo fenti. A ranar ba ka da abin nunawa sai lambar wayar da ba a ɗauka.

Ƙofar gaba kuwa ba nisa gare ta. Ƙasar nan ta fitar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa a 2006, amma tun 2003 Kotun Ƙoli ta yanke, a ƙarar da Legas ta kai gwamnatin tarayya, cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Ma'ana ba sai ka je Abuja ba, maganarka a nan Gombe za ta ƙare, a teburin hukumar tsara birane ta jiha, GOSUPDA. Ka kai zanen abin da za ka gina da gaske, sassa shida in shida ne, da sa hannun mai zane da injiniya masu rajista. Ka rubuta ƙa'idar da kake so a sassauta, da dalili, da abin da za ka yi a madadinta. Ka haɗa da yardar maƙwabcin da za ku haɗa bango, a rubuce, domin yau ku aminai ne, gobe magadanku ne za su tsaya gaban alƙali suna jayayyar bangon wa ne. In an amince, a buga hatimi a kan wannan zanen, ba wani ba.

Ku ma ranku ya daɗe na ofis, kada ku ɗauka na manta da ku. Idan mutum ɗari suka zo neman alfarma iri ɗaya, ƙa'idar ce ke son gyara. Ku fitar da tsari na musamman domin gidajen haya masu haɗa bango, a rubuta shi da Hausa a takarda ɗaya, a manna a ƙofar ofis da ta masu unguwa, a karanta a rediyo: ga abin da ake sassautawa, ga sharaɗinsa, ga abin da ko an durƙusa ba a taɓawa, ga kuɗin, ga kwanakin da za a ba da amsa. Kuma a zo duba gini tun yana matakin linta, lokacin da gyara bulo ɗari ne, ba sai an yi fenti masu haya sun tare ba. Mutum ba ya bin taga sai in ƙofa ta yi masa wuyar buɗewa.

Ke kuma Hajiya mai neman wa ɗiya gidan da za ta tare, da kai ango mai rawar jiki, kun zauna kuna dariya ana yi da masu gida. Ku ne kuke ɗaure musu gindi. Kuna shiga gida ku duba tayil da kalar fenti, ku ƙirga kuɗin shekara ku miƙa. Wannan karon ku ce wa dillali ya aro tsani, a ɗaga murfin silin, ku haska waya ku ga inda bango ya tsaya. Ku buɗe tagar ɗakin kwana ku ga me take kallo, ku tambayi ina ruwan sama ke bi. In mai gida ya ɓata rai ya ce ba a taɓa yi masa haka ba, ku gaishe shi da kyau ku riƙe kuɗinku, gidan haya a Tumfure ba shi kaɗai ya gina ba.